Ranar da Gwaggo Dije Ta Ƙi Bin Kaset

Wata Laraba bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu a lekol, wato makarantar boko, aka tashe mu da shara tun da sassafe a gidanmu na Albarika. Muka kwashe turame da kwanukan wanke-wanke, muka ɗaure awaki a bayan ɗaki, aka shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin mangwaro. Gwaggo Dije, yayar babanmu, ta zo daga Djougou za a yi mata kilip, wato bidiyon waƙa. Zabiya ce, a gidajen suna da biki ta yi furfura. Amma a lokacin waƙa ta fara barin kaset tana hawa faifan bidiyo, kuma duk wadda ba a ga fuskarta a talabijin ba, masu biki sun daina aika mata goron gayyata. Abin da ya fito da ita da tsufanta ke nan.

Mai kyamara, wani Salisu ɗan Nijar, ya riga ya ɗauki muryarta a situdiyo. Ya yi mata bayani cewa zai kunna kaset, ita kuma ta riƙa motsa baki daidai da abin da ta rera. To, Gwaggo ba ta taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Wanda idonta ya faɗa kansa, shi take sakawa. Kaset na yabon amarya, ita tana wasa mai koko da ta leƙo tsakar gida. Aka sake, sai ta koma kan babanmu da kakanninsa fatake masu goro. Mu yara har da faɗuwa don dariya, mun ɗauka raha ce. "Hajiya, don Allah a rakomanse, a sake daga farko, a bi kaset," in ji Salisu, yana share gumi. Ta ce, "Ɗan nan, ga mutane a gabana, in bar su in bi akwati?" Har la'asar ana abu ɗaya, batir ya ƙare, ya naɗe wayoyinsa ya tafi.

Bayan wata biyu faifan ya fito, muka cika ɗakin babanmu, Gwaggo a gaba. Muryarta ce, amma wata budurwa ce 'yar Tourou ke rangaji a lambun otal, bakinta bai kuskure ko kalma ɗaya ba. Gwaggo ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Yarinyar ta iya." Ta ɗauki buta ta fita. A nan kunyar dariyar da na yi ta kama ni. Budurwar aka riƙa gayyata biki, Gwaggo kuwa ta koma sayar da daddawa har Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu kowane yaro da waya a hannu yana haɗa kilip kafin tuwo ya nuna, waƙar Gwaggo kuma har yau tana yawo a wayoyi. Kwanaki 'yata ta nuna budurwar ta ce, "Mama, wannan ce Gwaggon taku?" Na ce a'a. Ta ce to yaya kamanninta suke. Na buɗe baki zan kwatanta mata, sai na tarar ni ma fuskar ta fara ɓace mini.