Wasiƙar da Yagana ta rubuta mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsakiyar dama koko saƙo ya shigo gurup ɗin matan unguwa. Hajiya Yagana ta rasu.

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Har yanzu ban tsince shi ba.

'Yar ƙaninta ce ta turo murya tana kuka. Ta ce jana'iza bayan Azahar, kuma duk wanda Hajiya ta saɓa masa, don Allah ya yafe mata kafin a kai ta makwancinta.

Na san da ni take, ko da ita yarinyar ba ta sani ba.

Yaran yanzu ba ku san Yagana ba sai a guntayen bidiyo. Mu mun san ta tun tana wasan kwaikwayo a talabijin, kafin zamanin kaset. Ba ta taɓa zama tauraruwar fim ba. Ita ce uwar jarumi, ita ce maƙwabciya mai leƙe ta katanga, ita ce ungozoma. Sunanta can ƙasa yake fitowa, lokacin da mutane sun riga sun miƙe suna naɗe tabarma.

Amma idan ta yi kuka a fim, har maza sai sun juya fuska.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a nan Lafia. Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Maman Isiyaku.

Ranar da naƙudar autata ta zo mini da gardama, ita ta tare motar doya a titi, ta sa direba ya sauke kaya ya kai ni asibiti.

Duk sanda ta dawo daga ɗaukar fim a Jos, sai ta miƙo mini dankalin Turawa da kabeji ta saman katanga. "Karɓi, ke da ba kya zuwa ko'ina."

Tana da wani saƙaƙƙen zane na kakarta, tun na zamanin da Turawa suka fara shigowa ƙasar nan. Da shi take fitowa a finafinai, don a lokacin kowa da kayansa yake zuwa. Ba ta ba kowa aronsa. Ni ta ba ni ranar sunan jikata ta fari.

Ba na musun ko ɗaya daga cikin waɗannan.

To ga abin da ya shiga tsakaninmu. Na tambayi ɗana, wanda maganar ta shafa, kafin in rubuta, zan gaya muku yadda muka yi da shi.

Ɗana Isiyaku, yana saurayi, ya gama koyon ɗinki ke nan, ya kamu da ciwon ƙwaƙwalwa. Muka kai shi gidan wani mai magani a wani ƙauye bayan Doma. A unguwa muka ce ya tafi Jos ƙaro sana'a. Ni da babansa kaɗai muka san gaskiya.

Sai Yagana. Don a lokacin ko baƙi ɗaya ban iya rubutawa ba, ita kuwa ta yi firamare.

Nakan shiga ɗakinta bayan La'asar, in tura ƙofa, in zauna a ƙasa. Ni ina faɗa tana rubutawa. Abin da ban iya gaya wa mijina ba, a ɗakin nan na faɗe shi.

Akwai wasiƙa ɗaya da na ce mata ta rubuta haka: "Isiyaku, ranar da na zo na ga marin ƙarfe a ƙafarka, na yi kamar ban gani ba don kada ka ji kunya. Takalminka yana nan bakin ƙofa. Kullum da safe ina goge shi in juya shi ya kalli ɗaki, don ƙafar da ta fita ta san hanyar dawowa."

Ta ajiye biro ta share hawaye. Na ce, "Yaya, tsakanina da ke." Ta ce, "Sai Allah na uku."

Takalmin nan kuwa duk wanda ya shigo gidanmu ya san shi. Mata har tsiya suke mini, wai ina wa takalmi wanka kamar jariri.

Bayan wata takwas sabon kaset ya fito. Muka taru a tsakar gidan wata maƙwabciya muna kallo, mata sun fi ashirin. Yagana ta fito a matsayin uwar wani saurayi da ya haukace. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ɗauki takalmi, ta goge da gefen zaninta, ta juya shi.

Sannan ta buɗe baki.

Maganata ce. Ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Har yadda nake jan numfashi kafin in ambaci marin.

 Ban ɗaga kai ba, amma na ji idanu suna juyowa ɗaya bayan ɗaya.

Washegari a kasuwa, matar da nake sayen doya a wurinta shekara da shekaru, wadda ba Bahaushiya ba ce, ta kama hannuna. Ba da mugunta ba. Ta ce, "Maman Isiyaku, sorry o. Ashe yaronka ba shi Jos? Allah zai ba shi lafiya."

Allah ya ba shi lafiya. Ya dawo garau, ya sa takalminsa. Amma mutane suka daina kawo masa ɗinki. Wani ya ce ba zai tsaya a gwada shi ba alhali almakashi na hannun yaron. Gidan da ya je neman aure suka yi ta yi masa gobe, jibi, har ya gaji. Daga baya ya kwashe kekensa ya koma Obi, inda ba wanda ya san shi.

Shi ba mai kallon fim ba ne. Ya ɗauka haka kawai garin ya juya masa baya. Ni kuma na kasa gaya masa cewa daga bakina abin ya fita.

A shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da furfura a goshi. Na yi rantsuwa maganata ba za ta sake bi ta hannun wani ba. Yagana ta ji labari, ta miƙo littafi da fensir ta saman katanga. Na mayar mata ta inda suka fito.

Muka ci gaba da gaisawa kamar baƙi. Daga baya ta koma Azuba wurin ƙaninta. Finafinai suka canja, aka daina kiranta.

Ganina da ita na ƙarshe watan jiya ne, a layin masu ciwon ido a asibiti. Na gaishe da wata, sai na ji daga benci an ce, "Wannan muryar Maman Isiyaku ce."

Ta rame. Idon ya yi fari.

Ta matsa mini na zauna.  Can ta ce, "Har yanzu?"

Na ce, "Har yanzu, Yaya."

Ta ce, "Kin san ba a ba mu takarda. Darakta ya ce, Hajiya, ɗanki ya haukace, yi maganar uwa, kyamara na jira. Ni kuma Allah bai ba ni haihuwa ba. Na buɗe baki, naki ne ya fito."

Na ce, "Takalmin ma da kansa ya fito? Daga gidanki kika tafi da shi wurin ɗaukar fim a jaka. Na gan ki."



Sai ta laluba jakarta ta ciro katin asibiti. "Duba mini, yaushe suka ce in dawo? Na ji an ce yanzu ke ce malama."

Na karanta mata. Ta yi dariya ta ce, "Ji yadda take jan baƙi kamar mai tsallaka rafi." Na kusa yin dariya ni ma. Na danne.

Ranar da na karanta mata a katin, jibi ce.

Yau tun safe duk sitatus ɗin da na buɗe, wannan guntun ne. Takalmin. Kuna rubuta cewa ba a taɓa yin uwa irinta a fim ba. Ni kuwa na san jikokina a Obi suna da waya.

Ƙarfe tara Isiyaku ya kira. 'Yarsa ce ta nuna masa.

Ya ce, "Inna, yaya aka yi wasiƙata ta shiga bakin matar nan? Tana cikin akwatina fa. Na haddace ta."

Na gaya masa komai. Ta cikin wayar ina jin ƙarar keken ɗinkin maƙwabcinsa.

Sai ya ce, "Ashe shi ya sa."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Ke me kika yi? Wasiƙa kika aiko wa ɗanki." Sai ya ƙara da cewa, "Tunda duniya na kallo, ki gaya musu ta waye. Ki rubuta da hannunki, Inna. Na warke, ban saci na kowa ba."

Na ce, "Ita fa? Bayan Azahar za a kai ta."

Ya ce, "Ni sai na yi tunani."

Ban matsa masa ba. Haƙƙinsa ne, ba nawa ba. Shi aka hana wa ɗinki, shi ya bar garin ubansa.

Saura nawa.

Sau uku ina rubuta kalmar nan ina gogewa. Ga shi ladan ya fara gyaran murya.

Yaya Yagana, kin ci amanata. Kin kuma tare mini motar doya. Duka biyun ke ce, kuma na rasa yadda zan raba su.

Na yafe.

Wannan karon ba zan goge ba. Zuciyata ba ta iso wurin ba tukuna, hannuna ne ya riga ta. Allah ya sa ta biyo baya.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya rufa miki asiri a ranar da babu mai rufawa sai shi.

Ku da kuka karanta, don Allah ku sa ta a addu'a. Ku sa Isiyaku, Allah ya sanyaya masa. Kuma in kuna son tuna ta, tana da finafinai da yawa, ku ɗora wani.

Wannan na takalmin ku sauke shi. Wasiƙar ɗana ce.