Gwajin da ya kifar da jirgi

Jama'a, yau na kifar da jirgi ina zaune a biro, wato ofis!

Kun san lojisiyel ɗin nan, manhajar kwamfuta da nake rubuta wa ƙungiyar masu jiragen ruwa na Gaya, mai aika wa iyalansu saƙo in an yi hatsari. Da safe na buɗe terminal, tagar ba kwamfuta umarni, na buga umarnin, gwaje-gwaje suka fara gudu da kansu. Duk suka fito kore, alamar komai daidai.

Sai waya! Malam Garba ne, shugaban ƙungiyar, yana ihu: "Sani, wane jirgi ya kife?"

"Babu, Baba. Gwaji nake."

"Gwaji? Mutanen Tunuga na bakin kogi suna kuka!"

Innalillahi! Ashe jiya abokin aikina ya haɗa gwajin da lambobin wayar iyalan na gaske, bai faɗa mini ba. Saƙon ƙarya ya shiga kowane gida.

Na hau kabu-kabu sai Tunuga. Na tarar da Inna Hajo, uwar wani matuƙi, kwance, hawan jini ya kayar da ita. Ɗanta ya iso lafiya lau, ya durƙusa: "Inna, ga ni!"

Ta kalle shi, baki a karkace. Har yanzu ba ta yi magana ba.