Inna Ladidi Mai Saƙa Ta Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Inna Ladidi mai saƙar rigunan sanyi ta Badarawa, bayan ta yi fama da hawan jini. An yi mata sutura bayan azahar. Ni ce Mardiyya, ƙarama a cikin 'yan koyon shagonta. A wajen zaman makoki na kasa buɗe baki, shi ya sa na rubuta.

Inna, kin tafi a watan da a da ba mu da lokacin cin abinci. Agusta ne watan aiki, don makarantu na shirin komawa. Bana kuwa kin rasu injinanki uku suna lulluɓe da zani.

Da na gama firamare aka rasa abin kai ni gaba, Mama ta riƙo hannuna ta kawo ni wurinki. Kika tambayi sunana, na sunkuyar da kai. Kika ce, "Rabu da ita, gara haka. Ga Esther can, bakinta ya fi injin ƙara." Esther, wadda ta riga ni fara koyo, ta ce, "Inna, idan na yi shiru wa zai riƙa ba ki labarin unguwa?" Ranar na yi dariya a gaban baƙi. Ba ki taɓa yi mini tsawa ba, ko ranar da na karya allurai. Rabin kunun gyaɗarki kullum ni nake shanyewa.

Duk Badarawa an san yadda kike saƙa rigar ɗan makaranta. Kina ƙara tsawon hannu da na gindi, sai ki kalmashe ƙarin ta ciki, ki ɗinke. Idan yaro ya yi tsawo, uwarsa ta dawo da rigar, ki warware kalmasar ki sako masa, ba ki karɓar komai. Riga ɗaya takan kai yaro daga aji ɗaya zuwa aji uku, ƙaninsa ma ya gada. Kin ce kin koyi haka ne lokacin da aka rufe masaƙar da marigayi maigidanki yake aiki, kika ga yadda iyaye suke jin nauyin sayen riga duk shekara.

Bara wani dillali ya shigo shagon. Ya juya riga, ya yaba, ya sayi guda ɗaya, wai ta ɗansa. Yana fita ya ce, "Hajiya, kayan da ba ya mutuwa ai ba ya kawo ciniki." Kika ce, "Alhaji, ni yara nake tufatarwa." Ashe kamfanin wata ƙasa ya aika wa. Bayan watanni sai ga rigarki a kasuwa dila-dila, launi ɗaya, zubi ɗaya, har da kalmasar. Farashinta bai kai kuɗin ulun da muke saya ba. Makarantun da suke ba ki aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wata mai makaranta da kika yi shekaru kina yi wa saƙa ko waya ba ta kira ba, a jikin ɗalibanta muka gani.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban san yadda ƙasashe suke cinikinsu ba. Amma har yau ina tambaya, yaya rigar da ta hau jirgin ruwa ta ƙetaro teku za ta fi zarenta araha? Wa aka cuta a can, kuma wa ya bari ta shigo a nan? Kin ce ƙila a can ma akwai wata Ladidi da ake matse wa jini. Ni dai tawa Ladidin na sani.

Abin da ba zan manta ba ya faru kafin ki kwanta ciwo. Maman Abdulƙadir, maƙwabciyarmu, ta shigo tana jin kunya, ɗauke da irin waccan rigar. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ta yi wa yaron kaɗan. Ko za ki sako masa?" Na so ki kore ta. Ke kuwa kika karɓa, kika sa reza a kalmasar. Da kika buɗe, babu komai a ciki. Layin ɗinki kawai suka yi don ta yi kama da taki. Kika daɗe kina kallonta. Sannan kika ce, "Mardiyya, duba mini ragowar shuɗin ulu." Da hannunki kika ƙara wa rigar da ta kashe miki kasuwa tsawo. Da matar ta fita na ce me ya sa. Kika ce mai 'ya'ya biyar ba ta da laifi idan ta bi araha, kuma yaron ne zai ji sanyi. Ke kin yafe, Inna. Ni ban iya ba tukuna.

Dillalin ya zo gaisuwa a babbar mota. Ya ce an yi rashin mace mai sana'a. Na shige ɗaki don kada ya ga fuskata.

Ya Allah, ka jiƙan Inna Ladidi, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta. Ka lulluɓe ta da rahamarka kamar yadda ta lulluɓe 'ya'yan mutane, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Yaya Shehu da Anti Asma'u, da jikoki, da duk 'yan layinmu. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Yaya Shehu, ka yafe mini, wannan maganar ba ta wurin makoki ba ce, amma ba zan iya faɗa maka ita ido da ido ba. Na ga mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da sikelinsa yana ɗaga injinan Inna, na kuma ji ya ce zai dawo bayan sadakar bakwai. Na san akwai hidima a kanka. Ban ce injin zai ciyar da ni da Esther ba, Inna ma a ƙarshe bai ciyar da ita ba. Amma ba mu iya wani abu ba sai abin da ta koya mana. Don Allah ka bar mana ɗaya.