Ƙofar da Muka Yi wa Cocin Tsibiri

Cikin ranakun aikina akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba, a warsharmu, wato shagon kafintanmu da ke unguwar Mahjar a Jidda, ƙarshen shekarun sittin, bayan alhazai sun watse gari ya lafa. Lokacin ni sana'i ne, wato kafintan da ya gama koyo amma bai buɗe tasa warshar ba. Mai wurin shi ne Mu'allim Usman, jikan alhazan Katsina da suka zo da ƙafa. Aikinmu gyaran tsofaffin ƙofofi da roshan, tagogin katakon nan masu ramuka na gidajen tsohuwar Jidda. In za a rushe gida wajen Bab Makka, mukan sayi katakonsa, domin na tsibirin Jawa ne, ba ya jin ruwa ba ya jin gara.

Da hantsi sai ga wani Bature zanƙalele, rana ta gasa masa fuska ta yi jawur. Makaniken wani jirgin ruwa ne da ya tsaya gyara a mina, wato tashar jiragen ruwa. Sunansa ya gagari bakinmu, amma ya yi kama da Yakubu, sai muka bar shi a haka. Ni ke da guntun Turanci, don na taɓa dako a mina, sai na zama tafinta.

Ya ce shi ɗan wani tsibiri ne can ƙuryar arewa, inda babu bishiya ko ta magani. Suna da cocin dutse da kakanninsu suka gina shekaru ɗaruruwa, rufinsa ciyawa, har tumaki kan hau su yi kiwo. Ƙofarsa ta ruɓe, da buhu ake tare ta, tsofaffi na shan sanyi a ciki. Ya ga ƙofofin Jidda sun shiga ransa, yana so a yi masa ɗaya kafin jirginsu ya tashi.

Idrisu, abokin aikina, ya ajiye zarto. "Mu'allim, coci fa ya ce!"

"Na ji, ya Idris. Tambaye shi, Sale, ko akwai gicciye a ciki."

Na tambaya, ya ce babu, ƙofa kawai.

"To halas. Tsofaffi ne sanyi ke ci. Yalla, a fito da katako."

Yakubu ya zaro wata igiya mai ƙulli biyu, wai awon ke nan. Da muka shimfiɗa ta, tsawon bai kai kafaɗata ba. Idrisu ya ce wannan ai ƙofar akurki ce. Yakubu ya yi dariya, ya ce haka magabata suka gina ta, kowa sai ya sunkuya, har limaminsu. Shi kam ya nuna mana tabo a goshinsa.

Muka zaɓi katakon wani gida da aka rushe, muka ware wanda ke da rubutun aya a jiki, wannan ba ya barin warsha. Mu'allim da kansa ya sassaƙa furanni. Da aka kusa gamawa ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Ƙofa ba wurin shan iska? Mutane za su dahu a ciki." Sai ya huda sama, ya saka 'yar taga mai ramuka irin ta roshan, kyauta. Ranar ɗauka Yakubu ya dubi tagar, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya ga yadda Mu'allim ke murmushi, sai kawai ya ce shukran. Muka ɗora ta a kurar jaki zuwa mina.

Bayan kamar shekara biyu jirginsu ya dawo. Sai ga shi da tsaraba: busasshen kifi mai warin da ya tara mana kyanwoyin Mahjar kaf, da rigar ulu mai kauri don Mu'allim, a tsakiyar zafin Jidda.

"Ƙofa ta zauna?" in ji Mu'allim.

Ya ce ta zauna daram, har daga wasu tsibiran ake zuwa kallonta.

"Tagar fa?"

Yakubu ya sosa ƙeya. Wai ranar farko da iska ta taso, tagar ta dinga fito kamar sarewa, limami yana wa'azi ba mai jin sa. Sai tsofaffin mata suka zauna suka toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya da gashin tumaki. Ya ce tun can ya san za a yi haka, kunya ce ta hana shi faɗa.

Mu'allim ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. "Ya salam! Mu nan roƙon iska muke, su can korar ta suke!" Ya sa rigar ulun nan ya zauna gumi na zuba, wai hukuncinsa ke nan.

Daga ranar ya kafa mana doka, ni ma da ita na rayu har na ajiye guduma. In mutum ya kawo aiki, kada ku tsaya ga awo. Ku zaunar da shi, ku ba shi shayi, ku tambaye shi yadda garinsu yake. Mai kunya ba zai ce maka ka yi kuskure ba, zai gode maka ne ya tafi da shi gida.