Kwalli a Idon Zomanya

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero ana jiran dawa ta nuna. Daminar ta yi albarka, sai dai gonakin bakin daji ba su samu masu girbi ba, domin mutanen can da yawa sun taso sun shigo gari. Kusan kowane gida a Safana akwai baƙi, har zaure ya koma ɗakin kwana. A wannan kakar na yi wani ɗan aiki da har yau in na ga tandun kwalli sai na tuna da shi, shi ya sa nake son in ba ku labarinsa, ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu.

Yadda tsarin asibitin dabbobinmu yake a lokacin, Likita ba kullum yake nan ba, ranar kasuwa yake zuwa. Malam Garba jami'in kiwo shi ke zama kullum, yana rigakafi da ƙananan jinya. Ni ce ta ƙasa, mataimakiya. An ɗauke ni ne saboda na yi yaƙi da jahilci ina iya karanta sunan magani, kuma ina shiga gidajen da maza ba sa shiga. Dokata ita ce in duba, in wanke, in kawo rahoto. Ba da magani ba nawa ba ne.

Wata safiya ana gobe kasuwa, wata matar aure mai suna Zulai ta zo ta ce in taimaka in leƙa gidansu. Surukarta Inna Hanne, wadda suka ɗauko daga Ruma, tana da zomanya fara mai ciwon ido. Awakin tsohuwar duk an kore su a can, zomanyar nan kaɗai ta fito da ita, a goye kamar jaririya. Yanzu kuma ɗanta Lawal, mijin Zulai, ya ce gara a yanka kafin ta zama mushe, har ya wasa wuƙa. Tun da ya faɗi haka tsohuwa ta ture kwanon tuwonta.

Na sami Inna Hanne a tsakar gida, zomanyar na kan cinyarta. Bayan mun gaisa, na yi mata jaje da barka da arziki, sai na duƙa. Da ƙyar na danne dariya. Idanun nan biyu an rangaɗa musu kwalli raɗau, har da ɗan ja zuwa gefe kamar ta gidan biki. Ta ce da shi ta yi wa 'ya'yanta maganin ido, da shi aka yi mata, kuma ga ta nan har yau tana zura zare a allura. Kafin kwallin ma, an roƙo nonon wata mai jego a maƙwabta an ɗiga.

Na sa Zulai ta tafasa ruwa ya huce, na goge a hankali da auduga, kowane ido da tasa audugar. Da baƙin ya fita sai abin ya bayyana. Idon hagu lafiya lau, kwalliya kawai ya sha. Na dama kuwa kwantsa ce fara mai kauri, gashin ƙasan idon ya jiƙe har ya fara zubewa. In da hawaye ne garai, irin wanda ƙaiƙayi ke jawowa lokacin sussuka, da na ce a wanke a sauya mata wuri a gani zuwa gobe. Amma wannan ya daɗe, ga shi idon ba ya buɗewa sosai. Na tambayi cin abincinta, Inna ta ce kwanan nan sai ta ɗauka ta yar. Jin haka hankalina ya tashi, domin zomo in ya bar ci ba ya jira.

Na ce sai an kai ta wajen Likita gobe. Ta rungume abarta.

"Ɗiyata, can ɗin ba inda ake kai shanu ba ne? Mi za su yi da wannan in ba dariya ba?"

Na ce mata ni zan riƙe ta da hannuna, kuma wanda ya yi dariya ni da shi. Daga nan na fita zaure wajen Lawal. Ba mugun mutum ba ne, tsoronsa kada uwarsa ta wayi gari da gawa a cinya. Na roƙe shi ya mayar da wuƙa kube zuwa la'asar ɗin gobe. Ya ce ya ji, amma in Likita ya ce babu dama, a dawo masa da ita da ranta. Na koma na gaya wa Malam Garba, ya sa mu a farkon layi.

Washegari Lawal ya kawo su a kan babur, zomanya cikin kwando an rufe da ɗankwali. Masu shanu da tumaki suka yi ta leƙe, ba wanda ya yi dariya, don na haɗe rai. Na naɗe ta da zane na bar kai a waje, haka ake riƙe zomo, ba a ɗaga shi ta kunne. Likita yaro ne sa'an jikan Inna, nan take ta mai da shi mijinta na wasa. Ya haska idon, ya shafa muƙamuƙi, sai ya buɗe baki ya leƙa.

"Angona, ido na kawo maka, kai kuma kana duban haƙori kamar mai cinikin rago."

"Uwargida, me kike ba ta take ci?"

Ta lissafa da alfahari: koko da safe, tuwo da miya, fura in an dama. A Ruma ciyawa da harawa take ci, amma nan gari ina za a samu? Kuma ai baƙuwa ce, ba a bar ta ta ci kara ba. Likita ya yi murmushi ya bayyana mana cewa haƙoran zomo ba sa daina tsiro, taunar ciyawa ce ke rage su. In aka koma ba shi abu mai laushi sai su yi tsawo, saiwarsu ta danne hanyar da hawaye ke bi ya sauka hanci, ido ya cika ya yi kwantsa. Ya yi mata allurar barci ya rage haƙoran, ya wanke hanyar hawayen, ya ba da maganin ɗigawa. Bai ɓoye ba, ya ce idon zai iya ci gaba da ɗan zubar da hawaye, kuma sai an riƙa kawo ta yana dubawa. Amma ta yanka ba ce. Lawal ya sunkuyar da kai ya ce alhamdu lillahi. Inna ba ta dube shi ba, ɗan fari ne, ta dai ce da Zulai a gaya wa yaron nan tana jin yunwa.

Abin da na ɗauka daga ranar, mai dabba yakan nuna maka inda ya ga ciwo, kai kuma sai ka tambayi abin da ke cikin kwano. Kuma mutanenmu ba sakaci ke sa su makara ba, sau da yawa sun gama gwada duk abin da suke yi wa 'ya'yansu ne. In ka yi musu dariya, ba za ka ƙara ganinsu ba.

Da gari ya waye na zari damin harawa daga na akuyata na kai gidan. Zomanyar ta shinshina, ta ja ganye ɗaya ta fara tauna. Na ɗiga mata magani na nuna wa Zulai yadda ake yi, sannan na ce da Inna kwalli kam an sallame shi. Ta jujjuya tandun a hannu, ta ce to ba za a bar shi ya lalace ba, in matso. Haka na tafi wurin aiki da idanu raɗau, Malam Garba yana tambayata bikin wa ake yi.