Dorcas da Yatsu Uku na Maman Hope

Dorcas Ishaku 'yar Zonkwa ce. Ta shigo Kaduna tana budurwa, ta sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, ɓangaren rini. Sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, aka yi ta murna, amma ba a jima ba injunan masaƙar suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har ranar da aka garƙame ƙofa. Ta sayar da gwanjo, ta sayar da kunun aya. Daga baya Vicky, ƙanwar mijinta mai salun gyaran gashi a unguwar Romi, ta ce ta zo ta kafa tebur a barandar shagon, ta riƙa yanke wa mata farce tana shafa masu jan farce.

Dorcas mace ce mai son sanin dalilin abu. Ko miya ce ta yi tsami da wuri, sai ta binciko abin da ya jawo. Mijinta kan ce da ta yi karatu mai zurfi da ta addabi malamai.

Ta yi shekaru a barandar nan kafin yayin jel ya iso unguwar. Shi jel kauri gare shi kamar zuma, ana shimfiɗa shi a kan farce, a tura hannu cikin wata 'yar fitila mai shuɗin haske, sai ya daskare ya yi ƙyalli. Wanda mata suka fi so shi ne na Faransa: jikin farcen ruwan hoda, bakinsa fari fat. Kyau kam akwai shi. Matsalar ita ce ɗagawa. Mace za ta tafi tana yauƙi da hannu, kafin sati ya zagayo ta dawo farin bakin ya ɓamɓaro, datti ya shige ƙarƙashi.

Vicky ta ce jabun kaya ne, a canza mai kawowa. Aka canza, bai daina ba. Sai Dorcas ta mai da hannunta gonar gwaji. Wannan yatsan ta goge shi da sifirit kafin ta shafa, wancan ta bar shi da maiƙonsa. Wani ta tura fatar gindin farcen baya ta kankare, wani ta bari jel ya hau kan fatar. Wani ta shafa da kauri, wani siriri. Haka ta yi ta yawo da yatsu goma kowanne da kamanninsa, ta yi wanki da su, ta tuƙa tuwo, ta je coci. A hankali ta gane cewa maiƙo da fata su ne manyan abokan gaba, farin kuma in ya yi kauri fitila ba ta dafa cikinsa, musamman in wutar lantarki ta zo da rauni. Ta kuma gane in ta ja buroshi ta rufe ƙarshen farcen, ruwa ba ya samun ƙofar shiga. Masu dawowa da ƙorafi suka ragu sosai.

Saura mutum ɗaya, Larai Shekari, wadda kowa ke kira Maman Hope. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, tana zaune a Kamazou, 'yarta ce ta fara kawo ta, ita kuma abin ya shiga ranta. Hannunta na hagu jel kan yi wata guda bai motsa ba. Na dama kuwa, yatsu uku na tsakiya, kullum sai sun ɗaga.

"Mama, kina wanki da hannu ne?" Dorcas ta tambaye ta.

"Jikokina ke yi."

"Ɓarar gyaɗa fa? Ko buɗe gwangwani da farce?"

"Ke Dorcas, ni yarinya ce?"

"To ko kina cizon su in kina tunani?"

Maman Hope ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Da waɗanne haƙoran? Ke dai ki ce aikinki ne bai kama ba."

Dorcas ta sake yi mata, ta bi komai a tsanake. Bayan kwanaki ga Maman Hope ta dawo, ta shimfiɗa hannun a tebur. Yatsun nan uku dai. Dorcas ta ɗaga hannun tana juya shi a hasken rana. Ta lura ba daga gindi yake ɗagawa ba, daga baki ne, kuma farin ya yi 'yan tsage-tsage kamar an ƙwanƙwasa shi da wani abu. Tafin hannun ma ya fi na hagu tauri.

"Mama, don Allah ki bar ni in wuni a gidanki."

"Ki wuni ki yi me?"

"In kalli hannun nan kawai."

Vicky ta ce wannan ai neman magana ne, amma Maman Hope ta ce ta zo, ko ba komai ta sami abokiyar hira. Ran Talata Dorcas ta rufe teburinta ta hau keke Napep zuwa Kamazou. Ta zauna ta kalli tsohuwar ta sha shayi, ta ba kaji dawa, ta karanta Littafi Mai Tsarki, ta yi barcin rana. Babu abin da hannun dama ya yi wanda na hagu bai yi ba. Dorcas ta fara jin kunya, tana shirin sallama, sai Maman Hope ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ta ce ta raka ta coci, yau suna koyon waƙa.

Suna shiga aka miƙo wa Maman Hope wani tulun ƙasa, irin wanda matan zumunta ke kaɗawa. Ta zauna, ta kafa shi tsakanin gwiwoyinta, ta dafe shi da hagu. Mai ba da waƙa ta ɗaga murya, mata suka amsa, hannun dama ya sauka a kan tulun. Tafi ya bugi bakin, yatsu uku suka bi jikin tulun suna ƙwanƙwasa. Tsohuwar da ta wuni tana tafiya a hankali ta koma wata daban, kafaɗa na rawa, ido a rufe.

Dorcas ta miƙe tsaye a tsakiyar waƙa. "Ga shi nan! Tulun ne!"

Waƙa ta tsaya, mata suka juyo. Da aka bayyana masu abin da ya kawo ta, sai dariya ta ɓarke, wasu har da hawaye. Maman Hope ta kalli hannunta ta ce, "Ikon Allah. Kin tambaye ni aiki, ni kuwa ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba."

Washegari suka yi ta ja-in-ja a baranda. Dorcas ta ce a rage tsawon farcen dama har ya daidaita da tsokar yatsa, a ja farin siriri, a rufe bakin sosai. Maman Hope ta ce ita dogo take so, irin na 'yarta. Dorcas ta ce to sai dai ta bar tulu. Tsohuwar ta harare ta, ta ce tun kafin a haifi Hope take kaɗa shi. A ƙarshe aka yanke na dama gajere, na hagu ta hana a taɓa.

Jel ɗin ya zauna, ya kai har babban taron mata na shekarar bai ɗaga ba. Matan zumuntar kuma suka fara zuwa Romi ɗaya bayan ɗaya, har barandar Vicky ta yi masu kaɗan, Dorcas ta kama ɗan shago a Kamazou kusa da su. Duk wadda ta zauna a gabanta, kafin ta buɗe kwalba sai ta ji yadda take wuni, tun daga tashi har kwanciya.

Maman Hope tana nan da hannu ɗaya dogayen farce, ɗaya gajeru. Yatsan tsakiya har yanzu yakan ɗaga a watan Kirsimeti, lokacin da kiɗa ya yi yawa. Sai ta zo da ɗan ƙullin gyaɗa soyayyiya, ta miƙa hannu a gyara, tana ba Dorcas labarin wadda ta ɓata waƙa a ranar Lahadi.