Gwamna da Ciyaman Sun Raka Muhtari

Duk wanda ya zauna Galadi ya san Muhtari mai amalanken shanu, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Tun da sassafe za ka jiyo shi daga ƙarshen gari: "Gwamna, ja mana! Ciyaman, kai dai ci kaɗai ka iya!" Sunayen bijimansa biyu ke nan. Yakan ce duk faɗin Zamfara shi kaɗai ke ba gwamna da ciyaman umarni su bi ba gardama.

Me bai ɗauka ba a amalanken nan? Jarkokin ruwa kullum, taki da rani, damman gero da kaka, kayan ɗakin amare, har mai naƙuda in babur ya gagare ta. Da babura suka cika gari, ɗansa Lukman ya yi lallashin duniya ya sayar da shanun ya huta. Ina! Cewa ya yi abin da ba ya gane muryar mai shi ba abin hawa ba ne. Da ɓarayin shanu suka addabi yankin kuwa, fasa ƙofar gida ya yi ya faɗaɗa ta, ya ɗaure bijiman a bakin ɗakinsa. Matarsa Asta ta yi mitar kashin shanu har ta gaji ta bari.

Yana da taubashi, ɗan goggonsa, wai shi Tsoho, mai gyaran rediyo. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ta arziki ba. Kullum in Muhtari ya gama rabon ruwa sai ya ja burki a ƙofar Tsoho, ko saukowa ba ya yi, ya ƙwala: "Bawana, ka tashi ko ka mutu?" Tsoho ya leƙo ya ce, "Sai na binne ka tukuna!" Daga nan Muhtari ya tuntsire da dariya, shanu su ja su wuce.

Wata safiya Muhtari bai wuce ba. Ya ce, "Tunda kai za ka binne ni, ji nan. Na ɗauki garin ga kaf, kada rana ta ƙarshe in hau wuyan mutane. Gwamna da Ciyaman za su kai ni." Tsoho ya ce to, a bakin wasa. Muhtari ya tsuke fuska ya ce alkawari yake so. Tsoho ya ɗauka.

Ajali bai yi masa ja-in-ja ba. Ɗan zazzaɓi ne, ya tafi da kalmar shahada a bakinsa. Ana idar da sallar jana'iza, maza suka yi caa kan makara, kowa na son ladan ɗauka. Sai ga Tsoho da amalanke, yana riƙe da igiya kamar wanda aka ba maciji, don a rayuwarsa bai taɓa korar ko akuya ba.

Lukman ya tare shi, ido jajur. "Haba Baba Tsoho! A ce mun ɗora mahaifinmu kamar buhun dawa?"

Tsoho ya dubi Lukman. Ba shi da shaida, daga shi sai mamacin. Amma ya dake ya ce, "Wallahi shi ya roƙe ni, na kuwa ce to. Ban taɓa yi mishi biyayya ba yana da rai, ka bar ni in yi mishi wagga guda." Liman ya ce babu haramci a ciki: a ɗauke shi a kafaɗa zuwa amalanke, a bakin maƙabarta a sake ɗauka, kowa ya sami ladansa. Sharaɗi ɗaya, a hanzarta, ba a jinkirta gawa.

Hanzari? Liman bai yi shawara da Gwamna ba. A mararraba, hanyar maƙabarta na dama, bijiman suka karya hagu. Tsoho ya ja, ya roƙa, ya daka tsawa, ko kallonsa ba su yi ba. Hanyarsu ta kullum suka kama, jama'a kuwa ba yadda suka iya, suka bi.

Bijiman suka tsaya cak a famfon burtsatse, inda ake cika jarkoki. Masu ɗiban ruwa suka sauke kaya suka ɗaga hannu. Suka tsaya gaban teburin Sagir mai shayi, Ciyaman har da miƙa baki yana jiran ɓawon burodin da ya saba samu. Wani ya ƙunshe dariya ta kufce masa. Liman ya ja rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa sun tona shi. Suka tsaya ƙofar Maimunatu, tsohuwa makauniya da yakan ajiye wa jarka. Daga cikin gida aka ji muryarta: "Muhtari ne? Allah shi shayar da kai kamar yadda ka shayar da ni!" Amin ɗin da aka amsa sai da ya cika layin. Lukman da kansa ya saki fuska, yana hawaye yana murmushi, ya matso ya dafa wuyan Gwamna.

Saura lanƙwasa ɗaya a fita gari, sai bijiman suka sake tsayawa, wannan karon suka kafe. Lukman ya tura, aka yi fito, aka kaɗa sanda, ko gezau. Tsoho ya ɗaga kai, sai ya ga ƙofar gidansa. Kunnuwan shanun a miƙe, suna jiran abin da suka saba ji kafin su wuce.

Babu wanda bai san wasan nan ba. Tsoho ya dubi makara, ya jira tambayar da ba za ta zo ba. Ya share ido da hannun riga, ya ce, "Na tashi, bawana. Sai na binne ka tukuna."

Gwamna da Ciyaman suka ja.